Gyaran gaban Golf ɗina a gindin darbejiya

Litinin, 3 ga Nuwamba, 2025

Jiya da daddare aka jawo motar gida da igiya. Daga kasuwar Gujungu nake dawowa bayan isha'i, da buhu huɗu na riɗi a baya waɗanda na ƙi sayarwa don farashin bai yi mini ba. A kan burjin da ke shigowa ƙauyenmu akwai wani kwalbati da ruwan Agusta ya cinye wa gefe ɗaya. Na san da shi, kullum ina kauce masa. Jiya sai ga amalanken shanu ya ɓullo daga kwana ba fitila, na karya kan mota zuwa dama, ƙafar gaba ta zurma, ƙirjin motar ya daki bakin siminti. Alhamdu lillahi ba wanda ya ji ciwo, daga ni har mai amalanken har shanunsa. Ina jin ruwa na tsiyaya a ƙasa na kashe injin, ban sake tayar da shi ba.

Golf 3 ce, doguwar nan da ake lodi da ita a hanyar Kano zuwa Haɗeja, ƙirar 1996, injin fetur 1.8, kuma har yau injekta ce, ba a mayar da ita kabureta ba kamar yawancin 'yan uwanta. Volkswagen ya fara ƙera Golf 3 a 1991, doguwar ta biyo baya a 1993, kuma duk wadda ka gani a titi yanzu ta haura shekara 25. Da wannan motar nake kai amfanin gona kasuwa, da ita ake kai mai naƙuda asibitin Ringim idan dare ya yi.

Da gari ya waye na duba ɓarnar. Bamba ta tsage, fitilar dama ta fashe, lagireto ya ɓule. Ƙarfen fuska, wato fanel ɗin da fitilu da makullin bonet ke zaune a kansa, ya lotsa ciki, bonet ba ya rufuwa. Duk wannan ido na gani. Abin da ya tayar mini da hankali yana ƙasa. Ƙarfen nan da ya gitta daga wannan ƙafar shasi zuwa waccan (dogayen ƙarafan nan biyu na ƙashin mota da suka miƙo gaba ta hagu da dama), wanda makanikai ke ce wa kurosmemba, ya karye ta dama. Na sa sukudireba na caka kusa da karayar, sai ta shige kamar a ruɓaɓɓen kabewa. Ashe tsatsa ta daɗe da cinye shi ta ciki. Kowace damina muna ratsa ruwa da taɓo, taɓon ya shige cikin ƙarfen ya kwanta, ba wanda ya taɓa leƙawa. Kwalbati ƙarasawa kawai ya yi.

Wani fanal bita da ya zo jaje ya ce in bar masa kwana biyu, zai gasa fuskar ya buga ta miƙe, ya liƙa wa kurosmemba rodi. Na yi masa godiya. A Golf 3 injin da giyabos a kan roba uku suke zaune, biyu a baya, ɗaya a gaba, kuma ta gaban a kan wannan ƙarfen take. Ba zan ɗora injin a kan tsatsar da aka liƙa wa rodi in ɗauki 'ya'yan mutane ba. Shekara huɗu na yi ina yaron gareji a Kano kafin rasuwar mahaifinmu ta dawo da ni gida. Zan canza ƙarafan biyu da hannuna, a nan ƙofar gida.

Laraba, 5 ga Nuwamba

Ni da ƙanena muka tura ta gindin darbejiya, inda ƙasa ta fi tauri. Kafin a taɓa komai na cire kan batir na ƙasa. Muka shimfiɗa tsofaffin buhuna a ƙarƙashin gaban motar, domin a yashin nan namu duk notin da ya faɗi ya tafi ke nan.

Ragar gaba, bamba, fitilu, oda, wayar buɗe bonet, fanka, tiyon lagireto na sama da na ƙasa, duk sun fita kafin la'asar. Kowane abu sai na ɗauki hotonsa a waya kafin in kwance, notocinsa kuma su shiga gwangwanin madara nasu daban, da takarda a ciki. Ƙanena ya saba da babur da motocin Japan, sai ya dinga miƙo mini sifana 12 da 14. Na ce masa motar Jamus 10 da 13 da 17 take ci, ya ajiye waɗancan. Abin da ya sa nake son wannan motar a irin wannan aiki shi ne fuskarta da noti aka ɗaure ta, ba walda ba. Ta fito guda, muka jingine ta da katanga.

Notocin kurosmemba na jiƙa su da kananzir gauraye da baƙin mai, su kwana.

Alhamis, 6 ga Nuwamba

Yau ne aikin da ke iya kashe mutum, don haka na bi a hankali. Jak shi kaɗai ba abin shiga ƙarƙashin mota ba ne, balle a kan yashi. Bulon siminti ma ban yarda da shi ba, yana fashewa ba sallama. Na samo gungume biyu na kirya wajen mai sassaƙa turmi, na ɗora su a kan faffaɗan katako, motar ta zauna a kansu. Tayoyin baya muka tokare su da duwatsu gaba da baya. Na girgiza ta da ƙarfina, ba ta motsa ba, sannan na shiga.

Injin kuma dole a tallafe shi kafin a kwance ƙarfen da yake kai. Da farko na sa jak a ƙarƙashin kaskon baƙin mai, botom filet, da katako a tsakani don kada ya lotsa. Daga baya na ga jak ɗin zai tare mini hanya, kuma zan buƙaci motar ta sauka kan tayoyinta. Sai muka ciro azara guda daga cikin waɗanda aka tanada don rufin ɗakin ƙanena, muka gitta ta a saman injin, bakinta biyu a kan kafaɗun motar ta ciki da tsumma a ƙasa, muka rataye injin da sarƙa ta kunnen da aka yi masa don ɗagawa. Azarar giginya ko gezau.

Notocin hagu sun fita lafiya. A dama guda ɗaya ya fara kwancewa, sai na ji ya saki gaba ɗaya, yana juyawa ba ya fita ba ya shiga. Wanda ya yi gareji ya san wannan jin. Macen notin da aka liƙe a cikin ƙafar shasi tun daga kamfani ce ta ɓalle, tana juyawa tare da namijin a inda hannu ba ya kaiwa. Na sa zarto na yanke kansa, kusan awa guda ina kwance a rigingine tsatsa na zubo mini a fuska. Da kurosmemba ya sauko muka juya shi, ƙasa da ɓarɓashin tsatsa da suka zubo sun kusa cika kwanon awo. Robar injin ta gaba ita ma ta yage rabi.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Yau ban kwance komai ba, awo na yi.

Sabon ƙarfe miƙaƙƙe ne, ramukansa suna inda kamfani ya huda su. Idan ƙafar shasi ta goce, ko dai ya ƙi shiga, ko a tilasta shi da guduma ya shiga a karkace, daga nan kuma duk abin da aka ɗora a kai, injin da lagireto da fuska da bonet, kowa ya gaji karkacewar. Shi ya sa kafin in kashe ko kwabo a Kano nake son sanin halin da ƙafafun suke ciki.

Na ari tef da filam, wato zaren awo mai nauyi a baki, da siririn tiyon ruwa irin na magina. Daga tsakiyar kan shokazoba na hagu na auna zuwa ramin ƙarshe na ƙafar dama, sannan daga na dama zuwa ramin ƙarshe na ƙafar hagu, a gicciye. A mota mai lafiya awon biyu ɗaya ne. Tsayi kuma tiyon ruwa ne ya gaya mini, tunda ruwa ba ya karkata don kowa.

Ina cikin yi Kawu ya zo ya zauna a kan benci. Shekaru ya yi yana jan Fijo 504 haɗin Kaduna, kuma ba a gyaran mota a unguwar nan bai sa baki ba.

"Kai ɗan nan, wannan aune-aune na mene ne? Ga abu a miƙe. Ido ba mudu ba ne, amma ai ya san kima."

"Haka ne Kawu. Ku taimaka ku riƙe mini bakin tef ɗin nan, ku karanta da kanku."

Ya riƙe, ya karanta, muka juya ɗaya ɓangaren ya sake karantawa. Bambancin milimita 16 ne. Ƙafar dama ta shigo ciki, kuma ta ɗaga sama da kamar milimita 7. Ya cire tabarau ya goge, ya ce a sake. Sau uku muka auna, amsa ɗaya. Ni ma da na tsaya a gaban motar na ƙura ido, miƙaƙƙiya nake ganinta.

Abin farin ciki, daga kan shokazoba zuwa baya komai daidai yake, lanƙwasar a tafin hannu biyu na ƙarshen ƙafar ta tsaya. Ƙafafun taya a wannan motar a kan wani ƙarfe daban suke, can bayan injin, kuma bugun bai kai gare shi ba. Da ya kai, da wannan aikin ya fi ƙarfin gindin bishiya.

Talata, 11 ga Nuwamba

Na sayar da buhu biyu na riɗin, na yi sammako zuwa Kano. Na sauka a Yankaba, na hau adaidaita sahu zuwa Ƙofar Ruwa, da guntun tsohon kurosmemba a buhu da tef a aljihu da takardar da na rubuta awon lagireto, domin lagireton Golf 3 ba faɗinsu ɗaya ba, ya danganta da injin da kuma ko motar mai esi ce.

A Ƙofar Ruwa kaya ba ya ƙaranci, zaɓe ne aiki. Na farko da aka fito mini da shi baƙi wul yana sheƙi, fenti ko bushewa bai gama ba. Na kankare gefe da farce, ga layin walda a ƙasa. Na biyu ba a taɓa shi ba, amma da na ƙwanƙwasa da sifana sai ya amsa a dushe kamar tulun da ya tsage. Na haska fitilar waya ta ramin gefe, ciki duk ya yi ɓawo. Kayan Beljiyam daga ƙasashen da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara suke zuwa, kuma gishirin nan ta ciki yake cin ƙarfe, waje na nan da kyansa. Na huɗu ne ya yi ƙara tangararan ko'ina na buga. Na ɗora guntun nawa a kansa, ramuka suka hau juna.

Mai shagon dattijo ne, ya ga yadda nake bi, sai ya ce, "Malam, kai makanike ne ko mai mota?" Na ce duka biyun, Alhaji. Ya ce to bari ya kawo mini fuskar da aka ciro daga mota ɗaya da wannan ƙarfen. Akwai sabuwa ta kwali, ta fi sauƙin kuɗi, amma da na ɗaga ta na ɗaga tsohuwar, hannu ya faɗa mini wadda ta fi kauri. Na ɗauki tsohuwar, har da makullin bonet a jikinta. Na tabbatar ta Golf ce, don Vento 'yar uwarta ce amma fitilunta da bonet ɗinta daban.

Fitila kuwa sai da na mayar da ɗaya. A jikin gilashinta, kusa da alamar E, akwai kibiya mai kai ɗaya. Wannan ta ƙasashen da ke tuƙi a hannun hagu ce irin Ingila, haskenta yana ɗagawa ta hagu. Mu tun 1972 muka koma dama, idan ka ɗaura ta a nan idon mai tahowa za ta dinga kashewa, gefen hanyar da mutane da dabbobi suke kuma ta bar shi a duhu. Bayan abin da ya same ni a kwalbati, hasken gefen hanya nake nema. Aka canza mini da marar kibiya.

Na haɗa da lagireto, robar injin, tamostat mai buɗe wa ruwa hanya idan injin ya yi zafi, makunnin fanka, da notoci masu lamba 10.9 a kansu, lambar da ke nuna ƙarfin noti. Na kasuwar ƙauye da ba su da lamba ko kaɗan ba na ɗaure injin da su. Sai bayan magariba na iso gida.

Juma'a, 14 ga Nuwamba

Kwana uku ban taɓa motar ba, muna ta ɗibar zoɓorodo kafin ya bushe a kara. Na dai sa yara sun wanke sababbin ƙarafan da omo sun shanya.

Litinin, 17 ga Nuwamba

Ranar ja. Na ari cen bulok, na'urar jan abu mai nauyi da sarƙa, wajen masu haƙar burtsatse. Muka sauke motar kan tayoyinta, injin na rataye a azara, muka daidaita ta yadda ƙafar dama ke duban gindin darbejiya a kusurwar da nake so. Aka ɗaure jikin motar da wata sarƙar zuwa kututturen tsamiya da ke ɗaya gefen don kada ta biyo jan. A bakin ƙafar na ɗaura farantin ƙarfe mai kauri ta ramukan noti, sarƙa ta kama farantin, don in ta kama ƙafar kai tsaye yaga ta za ta yi.

Mutane sun taru, kowa na cewa a kawo wuta a gasa wurin ya yi ja, zai miƙe nan da nan. Zai miƙe, gaskiya ne, amma ƙarfen da aka gasa ya yi jajir ba ya komawa ƙarfinsa na da, kuma wannan wurin shi ke karɓar bugu kafin ya iso ga ƙafafun direba. A sanyi na ja shi. Na kori yara can bakin masallaci, na jefa jiƙaƙƙen buhu a kan sarƙar don ko ta tsinke kada ta yi bulala.

Ƙanena na jan cen bulok ƙyas ƙyas, ni ina bubbuga lanƙwasar da guduma ta kan katako don ƙarfen ya saki jiki. A ja kaɗan, a sassauta, a auna. Ƙarfe yana komawa baya idan aka sake shi, don haka sai an ɗan wuce inda ake so. Daga 16 muka zo 11, muka zo 6, a nan ya tsaya ya ƙi. Na matsar da sarƙar ƙasa a jikin bishiyar don jan ya haɗa da saukarwa. Kawu ne ke riƙe da tef yau, ba wanda ya roƙe shi, shi ke faɗin lamba da ƙarfi kowa na ji. Wajen la'asar sakaliya ya ce saura 2. Tsayi kuma ruwan tiyo ya nuna bai kai milimita 2 ba. Na ce a tsaya nan. Ramukan kurosmemba suna da 'yar sararin da za ta shanye wannan.

Laraba, 19 ga Nuwamba

Mai walda ya zo daga Ringim a babur da injinsa, muka yi hayar janareto. Kan batir a cire yake tun farko, na kuma zare filogin birenbos, wato kwamfutar injin, na sa ya maƙala wayar ƙasa dab da inda zai yi aiki. Tiyon fetur da wayoyi muka lulluɓe su da jiƙaƙƙun buhuna, bokitin yashi da na ruwa a kusa.

Ya yanka 'yar taga a gefen ƙafar shasi, muka zaro tsohuwar macen notin. Kafin ya liƙa sabuwa na ɗaga kurosmemba na ɗaure shi a wurinsa, na zura notin ya kama ta, don ta zauna daidai inda za ta yi aiki. Ya ɗiga mata wuta a wuri uku, muka sauke ƙarfen, ya ƙarasa. Wajen rufe tagar ya fara da kauraren sanda, wuta ta huda gefe. Na ce, "Oga, ƙarfen nan ba ƙofar gida ba ne, a rage wuta a sa siririn sanda na 2.5." Bai ji haushi ba, ya canza, ya bi da ɗigo ɗigo yana barin wurin ya huce. Aikin ya yi kyau ƙwarai. Da ya huce na sake awo, bai motsa ba.

Asabar, 22 ga Nuwamba

Burushin waya, samfefa, jan fentin hana tsatsa hannu biyu, baƙi a sama. Hunturu ya shigo, iska na tashi da hantsi ta watsa ƙura a kan ɗanyen fenti, don haka bayan asuba nake shafawa, ƙarafan kuma a zaure suke kwana. Cikin kurosmemba da cikin ƙafafun shasi na narka giris da baƙin mai na ɗura, na jujjuya ya bi ko'ina. Ƙananan ramukan da ruwa ke fita ta ƙasa na bi su da ƙusa na buɗe. A tsohon duk a toshe na same su, kuma na tabbata daga nan ciwon ya fara.

Talata, 25 ga Nuwamba

Mota ta koma kan gungumen kirya. Muka ɗaga kurosmemba da jak, na kama kowane noti da yatsu, zagaye uku huɗu, ban ɗaure ko ɗaya ba sai da duka suka shiga. Duka kuwa suka shiga, ba guduma, ba tankwara da rodi. Na daɗe ban ji daɗi irin na wannan lokacin ba. Kwanakin da aka yi ana awo da ja, ladansu ke nan.

Na ɗaure su a gicciye, hagu da dama bi da bi. Na sa sabuwar roba, muka sassauta sarƙa a hankali har injin ya zauna a kanta da nauyinsa. Kafin in ɗaure robar na sassauta na baya biyun, muka girgiza injin gaba da baya ya nemi mazauninsa da kansa, sannan na ɗaure duka ukun. Idan aka ɗaure roba a murɗe, ba ta daɗewa, kuma karkarwar injin har sitiyari za ka ji ta. Ba ni da sifana mai auna ƙarfin ɗauri, sai na ɗaure da doguwar sifana gwargwadon abin da hannu ya saba, na ɗiga farin fenti a kan kowane noti ya haɗe da ƙarfen, don in ya motsa in gani.

Azara ta koma cikin 'yan uwanta.

Alhamis, 27 ga Nuwamba

Fuska ta hau, amma ta ci mini yini guda. Ita ma a sake na rataye ta, na ɗaura fitilu da raga, sannan na fara neman daidaito da bonet. Abu ɗaya da nake gaya wa duk yaron da ke koyo: kada ka rufe bonet sai ka maƙala wayar buɗewa ka ja ta ka ga makullin yana amsawa. Na gwada sau biyar da sukudireba a madadin ƙugiyar bonet kafin in yarda in sauke shi.

Saukewar farko ya kama, amma tazarar da ke tsakaninsa da fitilar dama ta fi ta hagu. Na ninka kwali na yi ma'auni da shi, ina zurawa a kowane gefe. A ɗaga fuska kaɗan, a matsa makulli, a murɗa robobin da bonet ke sauka a kansu, a rufe, a duba, a buɗe. Bakin bonet ɗin kansa ya ɗan tanƙware a hatsarin, na miƙe shi da tafin hannu a kan katako. Ana kiran magariba ya rufu da turawa ɗaya, kwalin na shiga kowane gefe da matsi iri ɗaya. Ƙugiyar tsaro ta biyu ma tana kamawa. Na taɓa ganin bonet ya buɗe a guje ya rufe gilashi a hanyar Gezawa, ba na wasa da ita.

Asabar, 29 ga Nuwamba

Lagireto ya zauna a robobinsa. Da na buɗe ƙasan famfon ruwa don sa tamostat, sai na tarar babu ko ɗaya a ciki, fanka kuma an haɗa ta kai tsaye, da an kunna mota take juyawa. Haka ake yi wa yawancin motocinmu da sunan ƙasarmu da zafi. Ni ban yarda da wannan ba. Injin an yi shi ne ya yi aiki a wajen digiri 90, tamostat na buɗewa kusan 87, fanka ta tashi idan zafi ya haura, ta tsaya idan ya sauka. Injin da ba ya ɗumama, musamman da sanyin asubar hunturu, mai yake sha, kuma injekta tana ganin sanyi sai ta ƙara masa. Na mayar da komai yadda aka ƙera shi.

Lagireton Golf 3 ba shi da murfi, ta ƙwallon robar nan ake zuba ruwa. Ban sa ruwan burtsatse ba, shi ke barin farin dutse da tsatsa a ciki. Ruwan kulan na gauraya da tataccen ruwan batir marar asid, ina zubawa ina matsa tiyo iska na fita.

Na yi bisimilla na murɗa makulli. Bugu biyu ta tashi, bayan kwana 27 a kwance. Inna ta leƙo daga cikin gida tana sa albarka. Injin na zaune lafiya lau, sitiyari ba karkarwa. Allura ta hau 90 ta tsaya, can fanka ta tashi da kanta, ta yi ɗan lokaci ta mutu. Tiyon ƙasa ya fara ɗiga, na jira ya huce na gyara zaman kilif, ya daina. Siginar dama na ƙiftawa da sauri, na ciro mazaunin ƙwan na tarar ya yi kore, na goge da samfefa ta dawo daidai.

Talata, 2 ga Disamba

Da daddare muka kai ta filin makarantar firamare, inda ƙasa take shimfiɗe. Na tsayar da ita mita 10 daga bango, na auna tsayin tsakiyar fitila daga ƙasa, na ja layi da gawayi a bangon, na ja wani santimita 10 a ƙasansa. Na murɗa kowace fitila har bakin ƙaramin haske ya kwanta a layin ƙasa, gefen da ke ɗagawa yana dama. Muka goge gawayin kafin mu tafi.

Daga nan na zagaya da ita har bakin kwalta na dawo. Giya na shiga sumul, ba ƙara a gaba ko a kan gargada. Sitiyari dai ya ɗan karkata, motar na jan dama kaɗan idan na sake shi. Ƙafar da ta zurma ce, tayarod ɗinta, sandan da ke haɗa taya da sitiyari, ya ji jiki.

Lahadi, 7 ga Disamba

Gujungu da dawowa, da sauran buhu biyu na riɗi da buhu uku na zoɓorodo da Kawu a gidan gaba. Allura ba ta wuce 90 ba ko a cunkoson bakin kasuwa. Da muka dawo na bar ta ta huce, na shiga ƙasa da fitila. Ɗigon fenti duk suna inda na sa su, ban da ɗaya a hagu da ya goce kamar faɗin ƙwayar gero. Na ƙara masa ɗauri na sake ɗiga fenti, zan duba shi ranar Laraba.

Bamba tsohuwar ce na ɗinke da waya, sabuwa sai an sayar da wake. Gobe zan canza tayarod na dama, jibi in kai ta Kano a yi alaimen, wato daidaita tayoyi, a kan na'ura, don wannan ba aikin tef ba ne. Kwalbatin kuma mun yi magana da mai unguwa bayan sallar la'asar. Ranar Asabar matasa za su kawo duwatsu da amalanke biyu a cike gefen, ni zan kawo ragowar farin fentin a shafa wa bakinsa.